Yadda Za Ka Haɗa Wa Motarka Sabon Rediyo, Sifikoki Da Amfilifaya Da Hannunka

Yawancin masu son gyara sautin mota da tambayar "wat nawa ne?" suke farawa. Wannan kwali ya ce 1000, wancan ya ce 2000, sai a ɗauki mai babbar lamba a nufi gida. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani bayan an mayar da dashbod an shimfiɗa kafet: kaurin waya, inda aka sa fis, inda aka ɗaure at (wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota), da yadda aka haɗa bakin waya da 'yar'uwarta. Kaya matsakaita da aka haɗa da tsabta sun fi masu tsada da aka murɗe wa waya aka naɗe da salatif daɗin saurare, kuma ba sa cinna wa mota wuta. Aikin bai gagari mutum ba. Duk wanda ya iya riƙe sukudireba, ya iya karanta mita, kuma ba shi da garaje, zai yi shi a ƙofar gidansa.

Kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya

Fara da auna ramin da tsohon rediyo yake zaune. Girma iri biyu ne aka saba da su a duniya: DIN ɗaya, mai faɗin milimita 180 da tsayin 50, sai DIN biyu, faɗinsa ɗaya da na farko amma tsayinsa 100, wanda yawancin masu allon taɓawa ke zuwa da shi. Ka duba zurfin ramin ma, domin a wasu motoci bututun iskar AC ko wani ƙarfe na nan kusa a baya. Idan fuskar rediyon motarka ba mai kusurwa huɗu ba ce, akwai firem ɗin roba da ake yi wa kowace irin mota don ya cike gefe. Ka neme shi da sunan motar da shekararta.

Abu na biyu, kuma kada ka yi masa rowa, shi ne filogin haɗi. Guntun wayoyi ne, ɗaya bakin yana shiga filogin motar daidai wa daida, ɗayan kuma wayoyi ne a sake da za ka haɗa da na sabon rediyo. Amfaninsa ba ka yanke ko waya ɗaya ta motar ba. Ina roƙonka kada ka datse filogin da kamfani ya sa. Ranar da ka so mayar da tsohon rediyo, ko wata matsala ta taso ana neman bakin zaren, za ka ga amfanin barinsa. Wasu motoci suna buƙatar ɗan filogin eriya ma.

Motocin zamani suna da nasu sha'anin. A da yawansu babu wayar da ke kawo wuta idan an murɗa makulli. Kwamfutar motar ce ke aika wa rediyo saƙon ya tashi ta layin da ake kira CAN. Irin waɗannan sai da ɗan akwatin da ke fassara saƙon, kuma sau da yawa shi ne zai bar maka maɓallan sitiyari suna aiki. Idan kuma allon motar shi ke riƙe da AC, kyamarar baya da saitin motar, shawarata ka bar shi a inda yake. Ka canza sifikoki, ka ƙara amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), ka ɗauko sautin daga wayoyin sifika ta na'urar da ke rage ƙarfinsu zuwa na RCA, wato wayoyin da ke shigar da siginar sauti cikin amfilifaya. Amfilifaya da yawa ma suna da bakin karɓar wayar sifika kai tsaye.

Game da wat, lamba ɗaya ce abin dubawa, wadda aka rubuta RMS a gefenta. Ita ce ƙarfin da kayan ke iya bayarwa ko ɗauka a kai a kai. Babbar lambar da ke gaban kwali ta talla ce. Rediyon da aka rubuta wa 50 sau 4, abin da yake ba kowace sifika na gaskiya bai cika wuce wat 15 zuwa 22 ba. Wannan ya ishi sifikokin ƙofa su yi daɗi, amma ba zai ɗaga wufa ba, wato babbar sifikar nan ta bes mai zurfi.

Kayan aiki: sukudireba mai baki ɗaya da mai kuros, sifana (lamba 10 ce ke kwance kan batir a yawancin motoci), filaya, abin feɗe waya, mitar auna wuta, 'yan sandunan roba na ɓamɓare fanel, sanfefa, ƙarfen narka dalma ko filayar matse haɗi, robar sulke mai tsukewa idan ta ji zafi, da igiyoyin roba masu zugewa na ɗaure waya. Sandunan robar nan kada ka ce sukudireba zai maye gurbinsu. Tabon da zai bari a dashbod ba ya gogewa.

Cire kan batir

Kashe mota, zare makulli, ka kwance kan nagetif, mai alamar ɗebewa, ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Nagetif ake fara cirewa saboda idan sifana ta goga jikin mota kana kwance shi babu abin da zai faru, amma a kan fozitif tartsatsi za ka gani. Ka ba motar 'yan mintoci kafin ka sa hannu a bayan dashbod. Idan tsohon rediyon mai lambar sirri ne kuma kana son ajiye shi, nemi lambar tun kafin ka yanke wuta.

Wayoyi iri biyu ne ba ruwanka da su ko kaɗan. Duk filogi ko sulke mai launin rawaya da ka gani ƙarƙashin kujera, gindin sitiyari ko bayan dashbod, na jakar iskar kariya ne. Kada ka cire, kada ka soka masa mita, kada ka gwada shi da batir. A motoci masu haɗa fetur da lantarki ko masu lantarki zalla kuma, kaurara masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa.

Fitar da tsoho, haɗa sabo

Wasu rediyoyi da sirararan ƙarafa biyu ake zaro su, a soka a ramukan gefe har a ji ƙas, a ja. Wasu kuma sai an ɓamɓare firem ɗin da ya kewaye su a tarar da sukurori huɗu. Fara ɓamɓarar daga kusurwa, a hankali, kana bin kilif ɗaya bayan ɗaya. Idan wani wuri ya ƙi tashi, akwai sukurun da ya ɓuya, watakila a bayan maɓalli ko cikin aljihun toka. Ƙarfi ba zai fitar da shi ba sai dai ya karya. Ka riƙa ɗaukar hoto da wayar salula a kowane mataki, sukurori kuma a zuba su a ƙaramin gwangwani.

Yanzu ɗauki filogin sabon rediyo da filogin haɗi ka koma kan tebur, inda akwai haske da wurin ajiye gwiwar hannu. A nan ake yin haɗin, ba a tsugune cikin mota ba. Masu ƙera rediyo sun daidaita a kan launuka, don haka launi da launi za ka bi. Rawaya ita ce wutar dindindin daga batir, ita ke riƙe wa rediyo agogo da tashoshi. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ita ce at, wato wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Mai ruwan lemo ta fitilun dashbod ce, don hasken rediyo ya ragu da dare. Shuɗiya zalla ta eriya ce, shuɗiya mai farin layi kuma ita ke tayar da amfilifaya. Sifikoki huɗu, kowace da waya biyu: fara ta gaba hagu, mai ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shunayya ta baya dama. A kowane biyu, mai baƙin layi ce nagetif.

Ka lura, wannan tsarin launi na sabon rediyo ne da filogin haɗi. Wayoyin motar kanta kowane kamfani da nasa launin. Idan wani ya riga ka yanke filogin, dole ka mayar da kan batir na ɗan lokaci ka nemo su da mita: wadda ke nuna volt 12 makulli na waje ita ce ta dindindin, wadda ke nuna 12 sai an murɗa makulli ita ce abokiyar ja. Da mita za a yi wannan, ba da ƙwan gwaji ba, domin ƙwan yana jan wutar da za ta iya lalata layin kwamfuta.

Haɗin bakin waya shi ne wurin da nake so ka zauna ka natsu. Feɗe kamar santimita ɗaya daga kowace, ka duba ko abin feɗewa ya gutsure silin jan ƙarfen. Idan ya ci da yawa, yanke ka sake. Zura robar sulke a ɗaya wayar tun kafin ka haɗa, don bayan haɗi ba ta da hanyar shiga. Sarƙe silin biyun, ka murɗa su a miƙe. Ɗora bakin ƙarfen zafi a ƙarƙashin haɗin, ka bari wayar ta yi zafi, sannan ka taɓa dalma a samanta. Za ka ga dalmar ta narke ta shige tsakanin silin tana sheƙi. Idan ta dunƙule a waje ta yi dishi-dishi, zafin bai isa ba, kuma wannan haɗin zai saki. Bari ya huce, jawo sulken ya rufe, ka busa masa zafi har ya kama jikin wayar. Wanda ba shi da dalma ya yi amfani da bututun matsewa da filayar da aka yi dominsa, sannan ya ja wayoyin biyu da ɗan ƙarfi ya ga ko za su zare. Murɗawa da naɗe salatif kuwa, cikin dashbod zafi ne da jijjiga. Gam ɗin salatif yana narkewa, ya warware, tsirarar waya ta samu ƙarfe. Duk wayar da ba ka yi amfani da ita ba, rufe bakinta ita kaɗai.

Kada ka taɓa haɗa nagetif ɗin sifika da jikin mota, ko ka tara nagetif biyu wuri ɗaya. A rediyon zamani wayoyin sifika biyun duka suna ɗauke da sigina, haɗa ɗaya da ƙarfe yana ƙona abin ƙara sautin da ke ciki. Masu allo suna da ƙarin wayoyi, ta birkin hannu da ta giyar baya, ka bi littafinsu. Ta birkin hannu an sa ta ne don kada bidiyo ya yi aiki mota na tafiya, ka haɗa ta yadda aka tsara.

Idan za ka sa amfilifaya, soka wayoyin RCA da ta tayarwa a bayan rediyon tun yanzu. Sannan, rediyo na rataye a waje, mayar da kan batir ka gwada. Juya sauti hagu, dama, gaba, baya, ka tabbatar kowace sifika tana amsawa a inda ya dace. Ajiye tasha ɗaya, kashe mota, zare makulli, ka sake kunnawa. Idan ya manta tashar, rawaya da ja sun yi musaya. Wasu motocin Turai a juye suke zuwa da su, shi ya sa filogin haɗi da yawa ke da 'yan mahaɗai a jikin wayoyin biyu don a sauya cikin sauƙi. Komai ya yi daidai, sake cire kan batir, ɗaure wayoyin su zama dami ɗaya, ka tura rediyon ba tare da ka danne su ba.

Sifikokin ƙofa

Girman da aka fi samu a ƙofa shi ne inci 6.5, sai 5.25 da 4, da kuma mai siffar ƙwai 6 sau 9 a bayan kujera. Yawancinsu om 4 ne (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). Akwai mai haɗe, wadda ƙaramar sifikar siririn sauti, tuwita, ke zaune a tsakiyar babbar, ita ce mafi sauƙin sakawa. Akwai kuma mai rabe, inda tuwita ke hawa sama kusa da madubi ko kan dashbod, da ɗan akwatin raba sauti a tsakani. Idan kuɗinka na sifika biyu ne kawai, sa su a ƙofofin gaba, kuma mai rabe ta fi, don muryar mai waƙa za ta taso gabanka maimakon ta fito daga wajen ƙafa.

Sukurorin fanel ɗin ƙofa suna ɓuya a bayan hannun buɗewa da cikin maɗaurin hannu. Bayan su sai kilif a kewaye, sannan a ɗaga fanel ɗin sama. Kada ka fizge, akwai wayar maɓallin gilashi da igiyar hannun ƙofa a maƙale. Ledar da ke manne a jikin ƙofar ta tare ruwa ce, ka ɗaga ta da kula ka mayar idan ka gama.

Kafin ka ɗaure sabuwar sifika, sauke gilashi har ƙasa ka auna zurfin da ya rage. Maganaɗisun sabuwa ya kan fi na tsohuwa girma, kuma gilashi na iya dukansa. Idan wuri bai isa ba, sa zoben ƙari na roba. Ya zauna daram, babu kafar da iska za ta zaga daga bayan sifika zuwa gabanta, domin ta wannan kafar bes ke zurarewa. Siririn soso mai gam a kewayen bakin yana maganin haka. Idan da hali, manna 'yan fallayen roba masu nauyi na hana kaɗawa a jikin ƙarfen ƙofar ta ciki. Ƙwanƙwasa ƙofar kafin da bayan ka manna, kunnenka zai gaya maka bambancin.

Fozitif da nagetif kuma kada su juye. Sifika ɗaya a daidai ɗaya a juye kamar mutum biyu ne suna tura mota, wannan ta gaba wancan ta baya: kowa na gumi, mota na tsaye. Sauti zai fito amma bes ya ɓace. Idan babu alama a jikin sifikar, taɓa mata ƙaramin batirin volt 1.5 na ɗan ƙiftawar ido. Idan takardar fuskar sifikar ta turo waje, bakin da ke kan fozitif ɗin batirin shi ne fozitif. A kan sifikar da ke hannunka ake wannan gwaji, ba a kan tuwita ba, ba kuma a kan wayar da ba ka san inda ta nufa ba.

Wutar amfilifaya

Nan ne aikin yake da haɗari na gaske, don za ka jawo wuta kai tsaye daga batir ka ratsa da ita tsawon mota.

Fara da lissafin abin da amfilifayar za ta ja. Raba wat ɗinta na RMS da ingancinta, ka sake rabawa da volt 13.8. Amfilifaya aji-aji ce: mai aji D tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar zuwa sauti, mai aji AB kuwa wajen rabi ko sama kaɗan, sauran zafi ne. Don haka mai wat 500 aji D za ta ja kusan amfiya 45, 'yar'uwarta aji AB kuma ta haura 70. Wannan lamba ce ke zaɓa maka waya. A ma'aunin kaurin waya na AWG, ƙaramar lamba ita ce kakkaura. Lamba 8 ta ishi ƙaramar amfilifaya mai wat 300 zuwa 400. Daga nan har wajen 1000 sai lamba 4. Sama da haka sai 0. Idan batir na gaba amfilifaya na but, tafiyar ta kai mita huɗu zuwa biyar, ka karkata wajen mai kauri.

Ka duba cikin wayar, ba rigarta ba. Akwai mai kaurin roba da ɗan sili a tsakiya. Akwai kuma wadda alminiyum ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA. Kankare silin da wuƙa za ka ga fari, kuma ba ta da nauyi a hannu. Alminiyum kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Nemi mai OFC, jan ƙarfe zalla. Idan CCA ce kawai ta samu, ƙara kauri da mataki ɗaya.

Sai fis. Mutane da yawa suna ganin tunda amfilifaya na da fis a jikinta an gama. Wancan amfilifaya yake karewa. Na kusa da batir wayar yake karewa, da motar, da waɗanda ke cikinta. Idan wayar ta goge a jikin ƙarfe a tsakiyar hanya babu fis a bayanta, batir zai juye mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja, ta kama kafet cikin daƙiƙoƙi. Don haka a sa shi kusa da kan fozitif iya yadda za a iya, kada ya wuce santimita 45, a ɗaure gidansa kada ya yi ta lilo. Girmansa kada ya fi ƙarfin wayar: lamba 8 ta jan ƙarfe galibi amfiya 40 zuwa 50, lamba 4 kuma 100 zuwa 125. Ka cire fis ɗin daga gidansa ka sa a aljihu, shi ne abu na ƙarshe da zai shiga.

Tsakanin ɗakin inji da cikin mota akwai bangon ƙarfe. Nemi robar da wayoyin motar suka ratsa ta ciki, ko wani rami da aka toshe, ka huda gefen robar ka zura taka ba tare da ka soki na ciki ba. Idan dole sai ka huda sabon rami, leƙa ɓangarorin biyu tukuna, ka shafa wa bakin ramin fenti, ka sa zoben roba. Waya ba ta ratsa tsiraran ƙarfe. A ɗakin inji nisanta ta da salansa, bel da fanka, ka sa mata sulke. A ciki kuma ta kauce wa feda, sandar sitiyari da layin da kujera ke zamewa a kai. Bi da ita ƙarƙashin robar dokin ƙofa, kana ɗaurewa a kai a kai. Wayoyin RCA su bi ɗaya gefen motar. Inda dole su gamu da ta wuta, su gitta ta, kada su jera tare.

At shi ne inda aka fi yin sakaci, kuma daga nan yawancin kuka da ɗaukewar sauti ke fitowa. Kaurinta ya zama daidai da na wayar wuta, tsawonta kuma gajere, ƙasa da rabin mita idan zai yiwu. Nemi ƙarfe mai kauri na jikin motar kusa da amfilifaya. Goge fenti da sanfefa har farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, faɗin da ya ɗan fi zoben bakin wayar. Matse zoben sosai, ɗaure da noti da washa har ya zama ko ka girgiza shi ba ya motsi, sannan ka shafa fenti ko giris a sama saboda tsatsa. Notin bel ɗin kujera ba wurin at ba ne, aikinsa ceton rai ne, a bar shi yadda kamfani ya ɗaure. Kafin ka huda ƙasan but kuma, sunkuya ka duba: tankin mai, bututun birki da wayoyi duk a nan ƙasa suke.

Ita amfilifayar, ɗaure ta a kan katako a wurin da iska ke zagayawa, ba ƙarƙashin kafet ba, ba a kife ba. Haɗa at a GND, wuta a +12V, shuɗiya mai farin layi a REM. Ka tabbatar babu silin da ya fito yana neman maƙwabcinsa.

Wufa da lissafin om

Kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da za ta jure. Wufa biyu masu om 4, idan ka haɗa fozitif da fozitif, nagetif da nagetif, sun zama om 2. Idan ka yi musu jerin gwano, nagetif ɗin ta farko ya shiga fozitif ɗin ta biyu, sun zama 8. Wufa mai koyil (naɗin wayar da ke cikin sifika) biyu ma haka lissafinta yake. Amfilifaya mai layi biyu da aka haɗe su zama ɗaya, galibi ba ta son ƙasa da om 4. Ka ba ta 2 za ta yi zafi ta ɗauke. Akwati rufaffe ƙarami ne kuma bes ɗinsa a tsuke yake, mai rami ya fi ƙara amma ya fi cin wuri kuma sai an bi awon da masu wufar suka bayar. Kowanne ka zaɓa, ɗaure shi da jikin mota, domin akwati mai nauyi da ke sake abin tsoro ne ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Saiti

Murɗa GAIN zuwa ƙasa gaba ɗaya, sa fis, mayar da kan nagetif, kunna. Fitilar amfilifaya ta kawo, ta mutu idan an kashe rediyo.

GAIN ba maɓallin ƙara ba ne. Aikinsa daidaita ƙarfin siginar rediyo da abin da amfilifaya ke iya fitarwa ba tare da sautin ya fashe ba. Wanda ya murɗe shi ƙarshe bai ƙara wat ko ɗaya ba, sai dai ya tura wa sifika fasasshen sauti da ke gasa koyil. Sifikoki da yawa da aka ce ƙarfi ya yi musu yawa, wannan ne ya kashe su.

Da mita ake saita shi. Ninka wat ɗin da kake nema da om, ka danna alamar √ a kalkuleta. Wat 300 a om 4 ya ba da 1200, wato volt 34.6. Wat 50 a om 4 kuma volt 14.1. Ka ɗauki ƙaramar lamba tsakanin RMS na amfilifaya da na sifika. Cire wayoyin sifika daga amfilifaya, mayar da bes da sauran gyaran sauti na rediyo sifili, kashe BASS BOOST da LOUD, tayar da inji. Saka sautin gwaji, hertz 50 don wufa, 1000 don sifikokin ƙofa, ka kai ƙarar rediyo kashi uku cikin huɗu. Sa mita a AC a bakin fitar sifika, ka ɗaga GAIN sannu a hankali har lambar ta cika. Tsaya nan. Wannan matakin ƙarar rediyo shi ne iyakarka daga yau.

Sai rabon aiki. Sifikokin ƙofa a sa musu HPF, matacin da ke barin siririn sauti ya wuce, a hertz 80 don a ɗauke musu nauyin bes mai zurfi, wufa kuma LPF, mai barin bes kaɗai ya wuce, a 80. Daga nan sai kunne: sa waƙar da ka sani sosai, ka zauna a kujerar direba. Idan kana jin bes yana fitowa daga but a fili, rage LPF ko ƙarfin wufar. Idan akwai maɓallin 0 da 180, gwada duka biyun ka bar wanda bes ya fi cika. Kuma sautin da ya hana ka jin hon ko jiniya ya wuce kima, ga kunne da ba ya dawowa idan ya tafi.

Idan wani abu ya ƙi

Kuka siriri mai hawa da sauka tare da totur, daga altaneta yake shigowa. Koma kan at tukuna, na amfilifaya da na rediyo. Sannan zare RCA daga amfilifaya: idan kukan ya tsaya, ta rediyo ko ta hanyar da RCA ta bi yake shiga, idan bai tsaya ba, matsalar na wajen amfilifaya. Amfilifayar da ke mutuwa da zarar ka bar tashar rediyo ka koma Bluetooth, an haɗa ta da shuɗiya zalla ne maimakon mai farin layi. Jar fitilar PROTECT kuma, cire duk wayoyin sifika ka sake kunnawa. Idan ta koma daidai, wata waya na taɓa ƙarfe ko om ya yi ƙasa. Fis ya ƙone, kada ka sa wanda ya fi shi girma, kada ka naɗa masa waya, bi layin ka nemo inda ya goge.

Idan fitilun gaba suna lumshewa duk sanda bes ya buga, auna. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. Auna a kan batir, ka sake aunawa a bakin amfilifaya sauti na tashi. Bambancin da ya haura rabin volt yana nufin wayar ta yi siriri, ko wani haɗi ya yi sako-sako, ko at bai kama ba. Idan kuma a kan batirin ma wutar faɗuwa take, altaneta ce ba ta iya ɗaukar nauyin, sai a rage GAIN ko a nemi babba. Bayan mako guda kana hawa, ɗauki sifana ka sake bin notin at, gidan fis da bakunan amfilifaya, domin silin waya yana kwanciya bayan an matse shi, noti ya ɗan saki.